Tabaran VR a jami'a: ana yi wa ɗalibai tambaya tun ɗoki bai sauka ba

Ka tambayi ɗalibin jami'a ko yana son a koyar da shi da tabaran VR, wanda ake ɗaurawa a fuska ya jefa mutum cikin wata duniya ta kwamfuta, zai ce yana so. Wa zai ƙi? Ai ya fi zaman kwafar rubutu daga allo.

Masu auna irin wannan karɓuwa galibi suna bin ma'aunin da wani masani, Fred Davis, ya fitar a 1989, cewa mutum na rungumar fasaha in ya ga amfaninta kuma sarrafa ta ba wuya. Ma'aunin ba laifi. Inda nake da ja shi ne lokacin da ake miƙa wa ɗalibi takardar tambayoyi, sau da yawa da zarar ya cire tabaran a karon farko.

Na taɓa ɗaura shi a wani baje koli. Da farko har da miƙa hannu, ina neman shafa zuciyar ɗan Adam da ke bugawa a gabana. Kafin minti 20 jiri ya ɗebe ni, zuciya na tashi, domin ido na cewa tafiya nake, jiki kuma ya san a tsaye nake. Shi ya sa da Jeremy Bailenson ya koyar da aji cikin VR a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2021, ya taƙaita kowane zama zuwa kusan rabin awa.

Amma duk wanda ya leƙa ɗakin fiɗar gawa a makarantun likitancinmu, ɗalibai sun yi cincirindo kan gawa ɗaya, warin magani na sa ido hawaye, na baya ba abin da yake gani sai ƙeyar na gaba, ya san a nan tabaran ya cancanci kuɗinsa. A laccar shari'a ko adabi kuwa, ƙawa ce kawai.

Kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Tabaran VR mai suna Quest 2 ya fito a 2020 kan dala 299, ga caji, ga intanet. Google kuma ya rufe manhajarsa ta Expeditions, mai kai ɗalibai yawon buɗe ido ta VR, a 2021, makarantun da suka dogara da ita suka koma neman wata.

Jami'ar da ke son gwadawa ta fara da kwas ɗaya, ta jira ƙarshen zango, sannan ta tambayi ɗaliban, har da waɗanda jiri ya hana su ɗaurawa.