Abujar Farin Gada

Tunda labari ya riga ya zaga Unguwar Rogo har ya gangara Bauchi Road, gara ku ji daga bakin mai shi, kafin 'yan biyun Yaya su ƙara masa gishiri.

Asabar ɗin da ta wuce ce, cikin sanyin nan na Janairu da ko ruwan alwala sai ka yi shawara da zuciyarka kafin ka taɓa. Kaka ta tashi da marmarin gwate. Kun san dokarta, in za a yi gwate a gidanmu babu jikan da ke naɗe hannu. Mata su tsince alayyafo da yakuwa, ƙanana su murje gyaɗa, Auta ya hura gawayi, ni kuwa da yake ni ne "maigida", ni ke rakiyar kasuwa. Shekara 29 ina cikin wannan aure, ban taɓa cin ribarsa ba sai dako. Muka tari Keke, ni da ita da 'yan biyu, sai Farin Gada.

To, abin da ya kamata ku sani shi ne tun ranar Alhamis na faɗa wa budurwata, wadda kuka sani, cewa ina Abuja wajen taron ofis, sai Litinin zan dawo. Ba mugunta ba ce. Albashi bai shigo ba, ƙawarta kuma na biki a Bukuru, ga anko, ga liƙi, ga kuɗin mota. Har hoton ƙofar shiga Abuja na ɗora a WhatsApp, wanda na ɗauka tun 2022. Shigar da na yi kuwa ta wanda ya tabbata ba wanda zai gan shi ce: suwaitar marigayi kakanmu ta zamanin aikin kuza, hular sanyi mai tuntu, safa da silifas, da wani tsohon wando da ya kamata a ce an yi tsumma da shi tun bara. Wanka ma ban yi ba. Wa ke wanka a Jos ƙarfe bakwai na safe a Janairu?

Ciniki da Kaka ibada ce mai zaman kanta. Har yau lissafinta bai baro sule da sisi ba, duk da an canja kuɗi tun 1973. Mai kabeji ya faɗi farashi, ta riƙe haɓa ta ce, "Yaro, tun Gomwalk na gwamna nake sayen kabeji a garin nan, gonar ce za ka sayar mini?" Kuma tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, a wurinta gaskiya ma ta ƙone tare da ita. Muka shafe kusan awa guda. Da aka gama, wani yaro ya turo baro, ta kore shi. Wai, "Ina da miji a tsaye zan biya ɗan dako?" Ta warware tsohon ɗankwali daga jaka ta yi mini gammo, aka ɗora mini kwando: kabeji huɗu, tumatur, gauta, karas, attaruhu, ga damin yakuwa ya zubo mini a fuska kamar amarya a lalle.

Ina tafe ina leƙen hanya ta tsakanin ganye, sai na ji 'yan biyu sun haɗa baki, "Laa, ga Anti!"

Jama'a, ita ce. Kuma ba ita kaɗai ba, da Mamanta. Matar da ko layinsu na shiga na hango mayafinta sai na canja hanya don kunya, yau ga mu ido da ido a tsakanin mai latas da mai kokwamba. Da farko na yi niyyar in wuce abina a matsayin ɗan dako, don wallahi shigar ta dace. Har na fara taku. Sai Kaka ta damƙo bayan suwaitar ta ce, "Maigida, ina za ka? Ba ka ga yara sun ga mutane ba?"

Na juyo. Ta dube ni daga tuntun hula har silifas, a hankali, kamar mai duba atamfar da za ta mayar wa mai shago. Sannan ta yi murmushi, cikin ladabi ƙwarai, ta ce, "Sannu da zuwa. Ya Abuja?"

Ban samu bakin amsawa ba, Kaka ta karɓe. "Abuja? Wannan? 'Yar nan, ko Mararrabar Jama'a bai leƙa ba a watan nan. Jiya ma da daddare yana gindin kaskon wutata yana gardama da yara a kan ko Gizo ne ya fi Ƙoƙi wayo." Ɗaya daga cikin 'yan biyu ta ƙara da cewa, "Kuma shi ya cinye ƙanzon tuwo." Yarinyar da na saya wa alawa a Keke, ko awa biyu ba a yi ba.

A nan ne shaiɗan ya raya mini cewa abin da zai wanke ni shi ne tarbiyya. In durƙusa in gaida Mama yadda ya kamata, ko ta ce yaron maƙaryaci ne amma yana da ladabi. Na manta akwai kwando a kaina. A'a, ban manta ba, na ɗauka zan iya. Mata masu tallar dankali suna durƙusawa da kaya a ka kullum, me zai gagare ni? Na fara sauka a hankali, wuya a miƙe, na buɗe baki na ce, "Mama, ina kwa..." Sai silifas ɗina na dama ya taka wani ruɓaɓɓen tumatur. Ƙafar ta kama hanyar Zariya, ta hagu ta ce ita tana nan. Wandon ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan na ji ɓarrr, tun daga gaba har baya. Na zauna daɓas a cikin caɓalin ganyen kabeji, iskar Jos ta shiga inda ba a gayyace ta ba.

Kwandon bai faɗi nan take ba, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ya tsaya tukuna, ya karkata, kamar yana neman wanda zai fara da shi. Sannan gauta suka zubo kamar ƙanƙara. Kabeji ɗaya ya gangara, yana tafe ba gaggawa, duk kasuwa na bin sa da ido, har ya je ya tsaya a kan ƙafar Mama. Ta sunkuya ta ɗauka, ta kaɗe masa ƙasa, ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Lafiya lau, ɗana. An dawo lafiya?" Har yanzu ban gane ko tausayi ne ko kuwa daga nan 'yarta ta gado abin ba. Ni kuma, Allah ya sani, sai na ji bakina ya ce, "Lafiya ƙalau, Mama, hanya ce dai ba kyau."

Kaka fa ko ta dube ni. Ta riga ta riƙe hannun yarinyar tana juya shi. "Au, wannan ce kishiyar tawa? To, ba laifi, kin yi. Ki shigo, ni na gaji. Amma in faɗa miki gaskiya tun a waje: miji ne marowaci, ban taɓa ganin kuɗin cefanensa ba. Ga tsoron kyankyaso. Katifa kuwa, sai da ya shiga aji uku na firamare muka huta da shanya." Mama ta sa bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ina zaune a ƙasa rungume da kabeji, ba damar tashi, don in na tashi wani sabon labarin ne.

Amma duk wannan na yafe. Kaka kakata ce, haƙƙinta ne, ni ma ina ce mata tsohuwar da ta ƙi ƙarewa. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai gautan nan, dogo mai jar hula da ke kusa da masu albasa. Ku da kuke zuwa kasuwar kun san shi. Mutumin nan ba a sa da shi ba, ba a kira shi shaida ba, ya bar rumfarsa ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya, ya ce, "Alhaji, ashe haka Abujar take da santsi?" Ya yi dariya har da dafa baron mutane. Sannan ya shiga kiran maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya yana maimaita musu, har da kwaikwayon yadda ƙafata ta tafi, kuma ƙarya yake yi, ban ɗaga hannu sama ina salati ba. Wannan fa mutumin da gwangwanin awonsa a lotse yake ta ƙasa, kowa ya sani. Bara da azumi ni na taya shi tura Keken kayansa da ya mace a hawan nan, ko gauta ɗaya bai ce in ɗauka ba. Kuma da ana tsince kayanmu da idona na ga ya mayar da uku cikin tarinsa. Gautan da muka biya! Na faɗa wa Kaka a hanya, ta ce ai ladan kallo ne, da ita ce biyar za ta ɗauka.

Da zanin Kaka na dawo gida, wanda take yafawa a kan mayafi saboda sanyi. Ta ɗaura mini shi da kanta a tsakiyar kasuwa tana cewa, "Tsaya da kyau, angona." A Keke ba wanda ya yi magana sai 'yan biyu da ke gwada ɓarrr ɗin, kowace na cewa tata ta fi kama.

Gwaten dai ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, tsakin ya nuna, yakuwar ta ji, har da ƙashi mai garas-garas. Ni aka ba yankan kabejin, har wanda ya gaida Mama. Da aka sauke, Kaka ta ciko kwanon samirarta mai murfi ta ce Auta ya kai wa kishiya. Ya dawo ya ce an ce an gode, kuma a tambaye ni ko Litinin ɗin tana nan. Kwanon kuwa har yau ba a dawo da shi ba, kuma ni Kaka ke bi. Jiya sau biyu ta aiko.