Ba yawan mabiya ke biyan kuɗin asibiti ba

Da wuya a tada zancen kafafen sada zumunta a tashi ba a yi musu tofin Allah tsine ba. Sun ɓata tarbiyya, sun raba ma'aurata, sun mayar da ƙarya ado, sun sa yaro yana zagin sa'an kakansa ko gezau. Akwai gaskiya a ƙorafin, ba zan ɓata lokaci wajen musanta shi ba. Sai dai mai ƙorafin nan, ranar da ɗan'uwansa ya buƙaci jini da tsakar dare, wayarsa zai ɗauka ya rubuta a zauren WhatsApp, kuma sau da yawa kafin gari ya waye wani da bai taɓa gani ba ya iso asibitin ya naɗe hannun riga.

Wannan alherin na gaske ne, amma ni a ganina ba manhajar ce ke haifar da shi ba. Facebook da X da TikTok an gina su ne don mutum ya daɗe yana kallon waya a nuna masa talla, daga nan kuɗinsu ke fitowa. Duk inda ka ga an yi aikin kirki a kansu har ya kai gaci, in ka tona za ka tarar da wasu 'yan tsiraru a bayan fage, ba a biyansu ko sisi, suna buga waya suna tantancewa, suna lissafi, suna shan zagi. Ba ma ganinsu, saboda idonmu yana kan adadin waɗanda suka kalla da waɗanda suka yaɗa.

Abin da manhajar ta kawo shi ne sauƙin riƙe sanayya. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa mutane sun fi jin labarin gurbin aiki daga bakin waɗanda suka sani sama-sama fiye da daga aminansu. Dalilin a fili yake: amininka, abin da ka sani shi ya sani, mutanenka su ne mutanensa. Wanda kuka yi aji ɗaya shekara ashirin da suka wuce kuwa yana wata duniyar daban, yana jin abin da ba ka ji. A 2022 mujallar Science ta wallafa binciken da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, shafin sada ma'aikata da masu neman aiki, sakamakon ya ƙarfafa maganar Granovetter. Da can in kun rabu kun rabu. Yanzu wancan tsohon ɗan ajin yana cikin wayarka, kuma ƙila shi ne ya san wata ma'aikaciyar jinya, ita kuma ta san mai irin jinin da ake nema.

An ga ƙarfin wannan a Afrilu da Mayun 2021, lokacin da korona ta yi wa Indiya dirar mikiya a karo na biyu. Asibitoci suka cika, iskar oksijin ta yi ƙaranci, Twitter (wanda yanzu ake kira X) da WhatsApp suka koma wurin cigiyar gado da tukunyar iska. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, lambar wayar da ke da amfani da safe kafin yamma ta zama banza don kayan sun ƙare, ga kuma 'yan damfara sun shigo suna karɓar kuɗi a kan tukunyar da babu ita. Ɗalibai da ma'aikata 'yan sa-kai ne suka raba aiki a tsakaninsu, suna kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta ranar da sa'ar da aka tabbatar da kowace. Haka aka yi bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya. Waɗanda gini ya danne sun riƙa wallafa adireshinsu daga ƙarƙashin ɓaraguzai, amma dubban saƙonni masu maimaita juna ba sa nuna wa mai ceto inda zai nufa, sai da masana kwamfuta 'yan sa-kai suka tace su suka ɗora a taswira.

In babu irin waɗannan mutane, ga yadda abin ke kasancewa. Wani ya rubuta cewa ana neman jini cikin gaggawa, mara lafiya yana asibiti kaza, ga lambar waya. Bai sa kwanan wata ba. A daren aka samu jinin, amma saƙon bai tsaya ba, yana ta yawo daga zaure zuwa zaure, kowa na turawa da fatan samun lada. Bayan wata shida wayar ɗan'uwan tana ci gaba da ƙara. Ƙila an sallami mara lafiyar tuni, ƙila ya riga mu gidan gaskiya, kowane kira kuma fami ne ga iyalinsa. Mafi muni, ranar da buƙata ta gaske ta taso, rabin 'yan zauren sun gaji da kiran lambobin da suka wuce yayi, sai su wuce kawai. WhatsApp ya yi ƙoƙarin rage gudun saƙonni: a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da aka yawaita turawa ya koma wuri ɗaya tal. Gudu kamfani ya iya ragewa. Tambayar yaushe aka rubuta wannan, wane asibiti ne, wa ya yi magana da iyalin, sai admin ɗin zaure ne zai yi ta, kuma ladan da yakan samu shi ne a ce ba shi da tausayi.

Batun tara kuɗi ya fi wannan sarƙaƙiya. A 2014 aka yi yayin zuba wa kai bokitin ruwan ƙanƙara don tallafa wa masu cutar ALS, mai kashe jijiyoyin da ke sarrafa motsin jiki. Masu sharhi da dama sun ɗauke shi shirme da neman suna, kuma ba a rasa masu neman sunan ba. Amma ƙungiyar ALS Association ta Amurka ta samu dala miliyan 115 cikin 'yan makonni, kuma wani ɓangare na kuɗin ya shiga binciken da ya kai ga gano alaƙar ƙwayar halitta mai suna NEK1 da cutar a 2016. Shekara biyu kafin yayin bokitin, bidiyon Kony 2012 ya samu kallo miliyan 100 cikin ƙasa da mako guda, duniya ta ɗauka da kiran a kama Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA na Yuganda. Har yau ba a kama shi ba. Duka biyun sun yi amo iri ɗaya. Bambancin shi ne na farko ya tarar da ƙungiya mai asusu da masu bincike da aikin da kuɗi zai iya yi, na biyu kuwa ya nemi jama'a su yaɗa bidiyo a kan matsalar da yaɗa bidiyo ba ya warware ta.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda labaran nasara ke rufewa. Wasu masu bincike a Amurka sun bi diddigin neman tallafin jinya sama da 430,000 da aka wallafa a GoFundMe, shafin tara gudummawa ta intanet, tsakanin 2016 da 2020. Kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai suka cimma abin da suka nema, kashi 16 cikin 100 kuwa ba su samu ko gudummawa ɗaya ba, kuma yankunan da suka fi talauci su suka fi samun kaɗan. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya iya rubutu mai taɓa zuciya, mai waya mai ɗaukar hoto tas, mai abokai masu hali, shi jama'a za su gani. Jariri ya fi tsoho jan hankali, haɗarin da ya faru jiya ya fi ciwon ƙoda na shekara biyar. Tsarin da ke zaɓar abin da za a nuna maka bai san wanda ya fi buƙata ba, abin da ya fi sa mutane tsayawa ya sani. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga mahukunta ko kamfanoni suna yaba wa jama'a kan yadda suka haɗa kuɗin aikin tiyatar wani yaro, kamar an gama magana. Kowane yaron da aka ceta ta wannan hanya yana da 'yan'uwa da yawa da saƙonsu bai wuce mutum goma ba, su kuwa inshorar lafiya da asibiti mai aiki ne kaɗai za su kai gare su.

Daɗin labari kuma ƙofa ce ga macuta. A 2017 wata mata a jihar New Jersey da saurayinta suka ba da labarin wani marar matsuguni da ya ba ta dala 20 ɗinsa ta ƙarshe lokacin da man motarta ya ƙare a hanya. Mutum kusan 14,000 suka tara sama da dala 400,000. Ashe su ukun ne suka kitsa labarin, kuma ba wani mai bincike ne ya fara gano su ba, rikicin rabon kuɗin ne ya kai su kotu asiri ya tonu. GoFundMe ya mayar wa masu bayarwa kuɗinsu. Wanda ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani da ya gani a Facebook ba shi da wanda zai mayar masa.

Maganin bai da ƙyalli, kuma masu yinsa da gaske sun san shi. Mutum biyu ko uku su riƙe asusu, ba mutum ɗaya ba. A biya asibiti ko makaranta kai tsaye, a wallafa rasit. A faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, har da cajin banki. In an kai abin da ake nema a fito a ce an rufe, kada kowa ya ƙara turawa, a kuma faɗi inda rarar za ta. Masu tara tallafi da yawa suna jin tambayar lissafi kamar zargi ne, suna cewa ai don Allah suke yi. To, mai yi don Allah shi ya fi kowa buƙatar rasit, domin ranar da wani ya yi masa ƙazafi ba abin da zai kare shi sai takarda. Sannan a daina dasa wa mabuƙaci kyamara a fuska yana kuka yana godiya. Na san hujjar: in ba a ga fuska ba ba a bayarwa. Amma bidiyon zai daɗe a intanet bayan an manta da taimakon, kuma yaron da aka nuna yau zai girma ya tarar da shi, abokansa ma haka.

Ta fuskar fasaha da ƙirƙira, sunan da aka fi ambata shi ne Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya, wanda ya rasa aikinsa na masana'anta a Maris ɗin 2020, ya fara gajerun bidiyo ba ya ko magana a ciki, ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok a Yunin 2022. Labari ne mai daɗi, amma irinsa ɗaya ne cikin miliyoyi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara, kuma akasarin masu wallafawa ba za su taɓa rayuwa da kuɗin da ke fitowa daga nan ba. Ribar da na fi yarda da ita ƙarama ce kuma ta fi yawa: mai gyaran waya da ya koyi sabon aiki daga bidiyon wani a wata nahiya, marubuciyar da masu karatu ɗari biyu ke jiran babinta na gaba suna gyara mata, mai zane da ya samu abokin ciniki na farko. Har wanda bai iya rubutu ba ya samu shiga, tunda WhatsApp ya ce a 2022 ana tura saƙon murya kimanin biliyan 7 kowace rana.

Sai dai duk wannan a gidan haya ake yinsa, kuma mai gida ba ya ba da notis. An rufe Vine, manhajar gajerun bidiyo, a Janairun 2017, masu mabiya miliyoyi suka wayi gari ba dandali. A 2019 MySpace, wani tsohon dandalin sada zumunta, ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora cikin shekara goma sha biyu, wajen sauya rumbun ajiya, kuma masu su da yawa ba su da wani kwafin. A Turkiyya ma, kwana biyu bayan girgizar ƙasar, an taƙaita shiga Twitter na wasu sa'o'i alhali mutane na ƙarƙashin gini suna jiran a ga saƙonsu. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan sa'a shida, Telegram ya ce ya samu sababbin masu rajista sama da miliyan 70 a ranar. Masu lambobin junansu a ajiye ne suka iya haɗuwa a can. Zauren masu ba da jini, ko na iyayen yara masu lalura ta musamman, wanda jerin sunayen mambobinsa da rukunin jininsu da lissafin kuɗinsa duk suna cikin manhaja ɗaya a wayar admin ɗaya, ya kamata a makon nan wani ya zauna ya kwafe su a wani wuri, a kuma ba mutum na biyu ikon shiga.