Samari Masu Sana'a A Legas, Ku Daina Kasuwanci Da Sunan Wani

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya a kasuwar Mile 12 na ga abin da ya ɓata min rai, wani yaro ɗan garinmu mai sarin albasa da tattasai, ƙato da shi, yana zaune kan buhu yana share hawaye. Kuɗin cinikinsa duka a asusun wani abokinsa yake tarawa, abokin ya samu matsala banki ya rufe asusun, ya je ya ce kuɗina ne, aka ce ina shaida? Ba shi da ko takarda ɗaya mai sunansa.

Wannan halin ne yake damuna da ku wallahi. Layin waya na wani, asusun banki na wani, na'urar POS da sunan wani aka karɓo, shagon ma sunan wani ne a takardar haya, kai kuma kana nan kana zufa tun asuba kana cewa sana'ata. Wace sana'ar taka? Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da mai sunan ya rasu magada ba su san da zamanka ba, ranar da kuka saɓa kuwa sai dai ka kai ƙara wajen sarkin Hausawa, shi ma abin da zai fara tambaya shi ne ina takarda.

Kuma fa abin ba wuya. Hukumar CAC ke yi wa sunan kasuwanci rajista, ta intanet ake yi, da lambar NIN ɗinka da hoto da adireshin inda kake sana'a. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce in ka sa wa sana'a wani suna wanda ba sunanka na yanka ba, kwana 28 ke gareka daga ranar da ka fara ka yi rajista, sannan duk shekara ka miƙa bayanin cewa kasuwancin yana nan. Masu POS kuwa tun 2024 aka ce dole su yi, amma har yau je ka Agege ko Obalende ka tambayi masu zama ƙarƙashin lema, da yawa za su ce ai na oga ne. Da satifiket ɗin rajistar CAC ne kake buɗe asusun kasuwanci da sunan shagonka, otal ko gidan abinci su ba ka odar kaya su biya kai tsaye. In babu, sai wani mai takarda ya karɓi odar, ya zo ya saya a hannunka da araha ya kai musu ya ci ribar, kai ka dawo kana cewa ana nuna mana bambanci.

In ka ce su yi sai su ce ai haraji za a ɗora mana. Haba! Kuɗin tikiti da kuke miƙa wa agbero, 'yan kamashon tasha, kullum ba rasit ba godiya, ku tara na wata ɗaya ku gani. Mai sana'ar kansa a Legas harajinsa hukumar LIRS yake zuwa, ofishinsu na Alausa a Ikeja, kana bayyana abin da ka samu a shekara kafin ƙarshen watan Maris, kuma sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta ce naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kai. To tsoron me? Amma kuɗin caca a waya akwai, wannan ba a ƙorafinsa, yaro zai zuba dubu biyar a kan ƙwallon Ingila ya tashi ba ko sisi, ya sayi iPhone don TikTok alhali ko katin LASRRA na shaidar zama a Legas bai da shi, ga shisha duk dare. Allah ya shirya.

Ku nemi wanda ya sani ya zaunar da ku, ku yi abinku da sunanku, ba sai na ce ga yadda za a yi ba ai kun fi mu sanin waya.

Iyayenmu da suka zauna a Agege da fataucin goro da shanu ba su yi boko ba, amma kowane maigida yana da littafinsa da ajami, wane ya kawo huhu kaza, an sayar kaza, la'ada kaza, baƙo ya ajiye dukiyarsa ya tafi Kano ya dawo ya tarar da ita cif. Kowa kuma ya san rasit ɗin harajinsa, a naɗe yake cikin aljihun 'yar ciki saboda in an tare ka a tasha shi za a tambaya, tun kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979. Yanzu amanar ta yi ƙaranci, rubutun ma kun ƙi yi, sai dai a turo a akawun wane, wanen ma a mota kuka haɗu a hanyar zuwa Ikko.