Ba a kare haƙƙin mace a benen da ba za ta iya hawa ba

Duk kun ga hoton da yake yawo tun jiya, wanda maza huɗu suka ciccibi wata malama a kan kekenta suna hawa bene da ita, ta riƙe hannun keken gam, takardunta a kan cinya, domin ta gabatar da maƙala a taron kare haƙƙin mata. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu shirya taron da kansu suka wallafa hoton, suna jiran a yaba musu. Wulaƙanci aka yi mata a bainar jama'a, kuma wanda ya zaɓi wannan ɗakin taron shi ne ya wulaƙanta ta.

An ce mini niyyarsu mai kyau ce, amma niyya ba ta hawa da kowa bene. An kuma ce kuɗi ne suka yi ƙaranci, alhali an samu na buga riguna da jakunkuna, sai da aka zo kan ɗaki a ƙasa da tafintan kurame aka tuna da tsada. Matakalar nan ce ta hana ta shiga, kuma mutum ne ya zaɓi matakalar. Tun shekarar 1983 masanin nan Mike Oliver na Ingila, wanda shi ma a keken yake, ya bayyana cewa tsarin gine-gine da na al'umma ne yake mayar da lalurar jiki ta zama shinge. A 1977 Judy Heumann, 'yar fafutukar haƙƙin masu nakasa a Amurka, da abokan gwagwarmayarta sun yi zaman dirshan na kusan wata guda a wani ginin gwamnati a San Faransisko, har aka sa hannu a kan ƙa'idojin hana nuna wa masu nakasa wariya da suke nema, kuma ba su je roƙon tausayi ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ware sashe na 6 ga mata masu nakasa, saboda wariyar da suke sha ninki biyu ce, irin haɗuwar zaluncin da masaniyar shari'a ta Amurka Kimberlé Crenshaw ta yi bayani a 1989. Masu taron nan suna ambaton sunanta a maƙalunsu, sannan su kama ɗaki a bene.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu nakasa sun kai biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya. Duk fafutukar da ta bar matansu a gindin matakala, to wasu mata kaɗai take karewa, kuma da an zauna da mace ɗaya mai keke tun ranar da aka fara shiri, da ba a kama wannan ɗakin ba.

Haka nan sanarwar taron ma a hoto aka sake ta, ba tare da rubutu a ƙasa ba, alhali manhajar da take karanta wa makafi allon waya rubutu take bi. Don Allah idan kun ɗora sanarwa, ku riƙa rubuta ranar da wurin da lokacin a ƙarƙashinta.