Ƙannena 'yan Damagaram masu zuwa tuƙin jirgin ruwa, ku ji maganar fitilar dare

Assalamu alaikum samarin Damagaram, musamman ku da kuke barin gida da zarar an gama girbi ku tafi neman na kai a bakin ruwa, wasu Difa da Gigimi wajen tafkin Cadi, wasu Gaya da Yamai, wasu har Yawuri ko Legas ko Kwatano. Maganar fitilar jirgi nake so mu yi, ƙaramin jirgin nan mai inji a baya da ake ba ku tuƙi ko yaron jirgi, don wallahi abin da nake gani yana tayar min da hankali.

Mu fa ba 'ya'yan ruwa ba ne, wannan kowa ya sani. Tsakanin duwatsun Birni da rairayi muka tashi, ruwan da muka saba da shi bai wuce tafkin damina ba ko na Gidimuni in mutum ya taɓa zuwa, da yawanmu ko iyo ba mu iya ba. Ɗan Sarkawa a kogin Kwara ko ɗan Buduma a tafkin Cadi tun yana goye yake cikin kwale-kwale, ko a duhu ya ji ƙarar inji ya san daga ina take. Kai da ka zo da girmanka ba ka da wannan, to dole ka riƙe ƙa'ida gam, ita ce za ta cike maka abin da ba ka gada ba.

Ka ga yaro zaune a goshin jirgi ya kunna tocilar waya, hannu ɗaya riƙe da igiya ɗaya yana haska ruwa, injin yana gudu, batirin wayar ya yi ja, shi a ganinsa ai sun kunna fitila. Ɗan uwana wannan ba ta isa ba. Fitilar da doka ke magana a kai aikinta shi ne wanda ke can nesa ya hango ka, ya gane kai jirgi ne mai inji, ya kuma gane ina ka dosa. Tocilar da ke lilo a hannu ba ta gaya masa ko ɗaya daga ciki, ƙari ma in ka dalle masa ido da ita sai ya ɗau lokaci bai ga komai ba, kai ma mai tuƙi hasken da ke dawowa daga kan ruwa yana kashe maka ido.

Akwai dokar duniya ta hana karon jirage da hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara a 1972, ta fara aiki a 1977, ana ce mata COLREG. Asali ta teku ce da ruwayen da ke haɗe da teku inda manyan jirage ke shiga, wato ku da ke Legas da Kwatano ta hau kanku kai tsaye. Koguna da tafkuna na cikin ƙasa kowace gwamnati tana iya sa nata tsari, amma inda suke haɗe da teku dokar ta ce tsarin ya bi nata gwargwadon iko, shi ya sa launin fitilun kusan ɗaya ne duk inda ka je.

Ta ce daga faɗuwar rana zuwa fitowarta fitilu a kunne, kuma ko da rana ne in gani ya ragu a kunna. Mu da muka san hazon hunturu, ranar da kana Sabon Gari ba ka hango abin da ke gabanka kaɗan, ba sai an yi mana dogon bayani ba, hazon nan yana sauka kan ruwa ma.

Jirgi mai inji da tsawonsa bai kai mita 12 ba, abin da ake nema gare shi ba yawa. Ja a gefen hagu, kore a gefen dama, sai fara guda ɗaya a sama da ake gani ta kowane ɓangare. Hagu da dama ɗin na wanda ke cikin jirgi ne yana kallon gaba, ku riƙe wannan da kyau don akwai masu haɗawa a juye, kuma wanda ya juya ja da kore ya fi wanda bai sa ba haɗari, ya gaya wa mutane ƙarya kenan game da inda ya nufa. Ja da kore kowacce tana haska digiri 112.5, wato daga saitin gaba zuwa ɗan bayan kafaɗarka, a hango su daga mil 1 na teku, farar kuma daga mil 2. Mil ɗin teku mita 1852 ne, kenan fararka sai an ganta daga nisan da ya haura kilomita 3 da rabi. Kuma farar ta fi ja da kore tsawo da aƙalla mita 1.

In jirgin bai kai mita 7 ba kuma iyakar gudunsa bai wuce not 7 ba, wajen kilomita 13 a awa, an yi masa sauƙi, farar nan guda ta wadatar, amma an ce in da hali ya ƙara ja da kore. Sharuɗɗan biyu ne fa a tare, gajarta da rashin gudu. Ba za ka ɗaura babban inji a ƙaramin jirgi kana tsaga ruwa ba sannan ka ce kai ƙarami ne. Wanda aka yarda ya riƙe tocila ko fitilar hannu kawai shi ne mai tuƙi da hannu ba inji, ko ƙaramin jirgi mai tafiya da iska da bai kai mita 7 ba, shi ma an ce ta kasance a kusa da shi, fara, ya nuna ta da wuri kafin a zo kansa.

Wani abin da ke min ciwo shi ne sai mutum ya sa kuɗinsa ya sayi fitilar sannan ya ɓata aikinta. An kafa gajeren sanda a tsakiya, an jibga kwalayen banda da buhuna sun fi sandan tsawo, mai tuƙi kuma ya tsaya a baya ya tare sauran hasken da jikinsa, wanda ke tahowa ta baya ba ya ganin komai sai ya zo dab. Ka ɗaga sandan ya fi kaya ya fi kanka. Wayar wutar fitilar kuma ka duba bakinta, ruwa yana cin ta ta yi tsatsa kore-kore, a tasha tana ci lafiya, da inji ya fara girgiza sai ta ɗauke. Ka naɗe mahaɗar da kyau, ka ɗaga batir daga ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa, ka ajiye tocila mai cikakken caji a gefe don ranar da abin ya ƙi.

Sai masu ado. Na san muna son kwalliyar fitilu shuɗi da masu walƙiya irin wadda ake yi wa kabu-kabu a gari, amma babur yana da birki yana kuma kan titi mai gefe biyu, jirgi ba shi da ko ɗaya, duk abin da mai tahowa zai yi hukunci da shi launin fitilarka ne. Dokar ta hana kunna duk wata fitila da za a iya rikita ta da na ƙa'ida ko ta dushe su. Don Allah ku cire.

Sa fitila rabin aiki ne, sai ka iya karanta ta wani. In ka hango ja da kore tare, jirgin ya yo kanka kai tsaye, kowa ya karkata damansa ku wuce hagu da hagu. In ja kaɗai kake gani yana gitta gabanka daga dama, kai ne za ka ba shi hanya, ka rage wuta ka bi ta bayansa, kar ka ce za ka riga shi. In kore ne shi ya kamata ya kauce, amma kar ka saki jiki, ba kowa ya san dokar ba. In fara ce tilo to ko bayan jirgi kake gani, ko wanda ya tsaya ya jefa anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, ko ƙaramin jirgi ne, ba ka da tabbas, saboda haka sassauta. Kai ma in za ka kwana kan ruwa kusa da hanyar jirage ka bar fararka a kunne, kar ka ce kana tattalin batir.

Ku da ke ɓangaren Najeriya ku sani hukumar NIWA mai kula da ruwayen cikin ƙasa ta sha nanata hana jigilar fasinja da dare, kuma da dalili. A watan Yuni 2023 a Patigi ta jihar Kwara mutum fiye da 100 suka rasu a jirgi ɗaya suna dawowa daga biki cikin dare, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Fitila ba ta halatta tafiyar da aka hana, kuma ba ta rage nauyin lodi. Wajen tafkin Cadi kuma inda jami'an tsaro suka sa nasu lokaci, umarninsu ne gaba da komai, ku tambayi sarkin ruwa ko shugaban tasha ranar da kuka sauka.

In maigidan jirgi ya ce ba kuɗin fitila, ka yi masa magana cikin ladabi ka ce Alhaji rayukan mutane ne a hannuna, ni ba zan tashi bayan magariba ba sai an sa. In ya ƙi, ka tsaya a aikin rana ko ka nemi wani jirgin. Kuma ku da ke gida kuna da ƙane ko ɗa a bakin ruwa, in kun yi waya da shi ku tambaye shi kai tsaye, ja da kore da fara suna jirginku, suna ci?