Ba yawan gidaje ba ne kawai matsalar Abuja

Mutane da dama sun ɗauka wai in aka ci gaba da zuba gine-gine shi ke nan an magance matsalar muhalli, alhali tambayar ita ce wane irin gida, kuma wa zai iya biyan hayarsa. Ka zaga Maitama da Asokoro ka ga manyan benaye a kulle sai maigadi, amma direba da malamar makaranta da mai shara tun asuba suna cikin gosulo daga Mararaba da Nyanya, don ciki da falo a tsakiyar gari ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa tun wajen yanka filaye ya kamata a ware na ƙananan gidajen haya kusa da wuraren aiki.