Wuƙar likita kaɗai ba ta tayar da mara lafiya

Duk sanda aka yi dashen ƙoda ko na hanta aka dace, hoton likitan da ya riƙe wuƙa ne ke yawo a Facebook, ana ta Allah ya ƙara basira, kuma ya cancanta kam. Amma ni dai ina ganin muna tauye haƙƙin masu binciken abin da ke shiga jikin mara lafiya kafin tiyata da bayanta, kuma in ana wannan magana dole sunan Stanley Dudrick ya fito.

Dudrick matashin likitan tiyata ne a asibitin jami'ar Pennsylvania a Amurka cikin shekarun 1960, yana aiki ƙarƙashin babban likitan tiyata Jonathan Rhoads. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a yi wa mutum aiki lafiya lau, ɗinki ya yi kyau, amma ya yi ta ramewa har ya mutu don hanjinsa ba ya karɓar abinci. Ƙarin ruwan nan da muka sani ai ruwa ne da ɗan sukari ko gishiri, in an ce da shi za a ciyar da mutum sai an ɗura masa litocin da zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba, in kuma aka ƙara masa kauri sai ya ƙone jijiyar hannu ta kumbura ta toshe. Sai Dudrick ya zura siririyar roba har cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, inda jini ke gudu da ƙarfi yana tsinka ruwan nan take. Ya gwada a kan 'yan kwikwiyo, ba su sa ko loma ɗaya a baki ba, suka girma daidai da 'yan uwansu masu ci a kwano. A 1967 aka gwada wa wata jaririya a Philadelphia da aka haifa kusan ba ta da ƙaramin hanji, ta rayu wata 22 tana ƙara nauyi, a 1968 kuma aka buga sakamakon binciken. Shi ne abin da likitoci ke kira TPN yau, wato ciyar da mutum kacokan ta jijiya.

To ina ruwan wannan da dashe? Ruwansa da tsaki. Wanda hanjinsa ya lalace, da wannan abinci na jijiya yake rayuwa har a samo masa wani hanjin, kuma illolinsa ne ma, wato lalacewar hanta da ƙwayoyin cuta da ke bin robar su shiga jini, suka ingiza likitoci neman dashen hanji, abin da bai kankama ba sai wajajen 1990 da su likitan dashe Thomas Starzl suka fara amfani da tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin abin da aka dasa masa, a Pittsburgh.

Yanzu a jami'o'i in za a auna malami sai a ƙirga takardu nawa ya buga, sau nawa wasu suka ambace shi. Ban ce lissafin banza ba ne fa, shi kansa Starzl a 1999 an bayyana shi a matsayin wanda aka fi ambaton bincikensa a fannin likitancin asibiti, kuma ba wanda zai ce bai yi aiki ba. Matsalar ita ce in bincike ya shige cikin aikin yau da kullum sai a daina ambatonsa gaba ɗaya, nas ɗin da ke rataya jakar TPN a ɗakin bakwaini ba ta rubuta sunan kowa, alhali nan ne amfanin yake.

Mu ma abin ya shafe mu, tunda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, wasu kuma suna sayar da gida da gona su tafi Indiya ko Masar. Mutum ya dawo da sabuwar ƙoda yana shan magungunan da ke danne garkuwar jiki, waɗanda su kansu kan jawo ciwon suga da hawan jini, sai dangi su yi ta tururuwa da farfesu mai gishiri da dunƙule, da lemon kwalba, wata gwaggo ta zo da jiƙe-jiƙe don ya ƙara ƙarfi, duk da kyakkyawar niyya wallahi. An tabbatar ko lemon garehul kaɗai yana ɗaga tacrolimus a jini har ya taɓa ƙodar, balle saiwar da ba a san me ke cikinta ba. Mai ƙoda a Kano yana buƙatar a faɗa masa nawa zai ci na tuwo, ya zai yi da kanwa da daddawa da zoɓo, ya batun azumi da lokutan shan magani, kuma littafin da aka rubuta don masu cin burodi da cuku ba zai ba shi amsa ba. Ɗalibanmu na sashen abinci mai gina jiki su ne za su iya wannan bincike, sai dai a ba su kuɗin yi, a kuma sa su cikin tawagar dashe tun ranar da aka fara yi wa mara lafiya gwaji.